EM38-MK2 a aikin auna gishirin gonaki: inda take da ƙarfi da inda take yaudara

Gishiri ba ya sallama idan zai shiga gona. Kafin a ga farin ɓawo a kan kunya, ko tsakiyar gona ta yi sanƙo, an daɗe ana asara kaɗan-kaɗan, ana ɗora wa iri ko taki laifi. Taswirar da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2021 ta nuna hekta miliyan 424 da gishiri ya taɓa a santimita 30 na sama, amma daga santimita 30 zuwa 100 adadin ya kai hekta miliyan 833. Na ɓoye ya kusan ninka na sarari. Saboda haka hukumar ban ruwa ko cibiyar bincike da aka ɗora wa zana taswirar gishiri ta yanki guda mai gonaki ɗaruruwa, ido ba zai wadatar da ita ba, haƙa rami a kowane taku kuma ba abu ne mai yiwuwa ba. A nan ake kawo maganar EM38-MK2 ta kamfanin Geonics da ke Mississauga a ƙasar Kanada, na'urar da ke auna ƙasa ba tare da haƙa ba, wadda ita da yayarta EM38, da ake aiki da ita tun shekarun 1980, suna cikin na'urorin da aka fi dogaro da su a wannan fanni.

Hukuncinmu tun da wuri shi ne na'urar tana da kyau, kuma an san halinta ciki da waje. Sai dai wanda ya saye ta da zaton zai aza ta a ƙasa ta faɗa masa yawan gishiri, ya yi cinikin biri a sama. Abin da ta iya shi ne ta nuna inda ƙasa ta bambanta, ta gaya maka inda ya kamata ka haƙa, sannan ta shimfiɗa sakamakon ramuka kaɗan a kan gona gaba ɗaya.

Abin da ke cikin sandar

Sanda ce mai tsawon mita ɗaya da ɗan kai, nauyinta kilo biyar da ɗoriya. A ƙarshenta ɗaya akwai naɗin waya mai aikawa, wanda ke fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa sau 14,500 a daƙiƙa. Wannan ƙarfi yana tayar da 'yar wutar lantarki mai zagaye a cikin ƙasa, ita kuma ta haifar da nata maganaɗisun, sai naɗin waya mai karɓa ya ji shi. Gwargwadon yadda ƙasa ke barin lantarki ya ratsa ta, gwargwadon ƙarfin abin da ya dawo. Ba a soka komai a ƙasa, ba ma dole ne sandar ta taɓa ta ba. Lambar da ke fitowa ana kiranta ECa, wato yadda lantarki ke ratsa ƙasar yadda take a gona, a ma'aunin ratsawar lantarki da ake rubutawa mS/m, kuma mS/m 100 su ne dS/m ɗaya.

Tsohuwar EM38 mai karɓa ɗaya gare ta, a tazarar mita ɗaya. MK2 tana da biyu, ɗaya a mita ɗaya, ɗaya a rabin mita, shi ya sa take ba da zurfi biyu a tafiya ɗaya. Idan sandar tana zaune a kan gindinta, wanda ake cewa a tsaye, tana jin zurfin kusan mita 1.5 da 0.75. Idan aka kwantar da ita a gefenta, zurfin ya koma kusan 0.75 da 0.38.

Waɗannan alƙaluma suna rikita masu saye. Mita 1.5 ba katanga ba ce da na'urar ke tsayawa a kai. Ma'anarta ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lambar daga ƙasar da ke sama da wannan zurfi ya fito, sauran kashi 30 daga can ƙasa. Kuma ba ta jin kowane zurfi daidai wa daida. A tsaye, kusan ba ta jin fatar ƙasa ko kaɗan, inda ta fi ji shi ne wajen santimita 40 ga mai karɓa na mita ɗaya. A kwance kuwa saman ne ya fi mata ƙara, jin yana raguwa yayin da ake nutsawa. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai. Idan lambar kwance ta fi ta tsaye, gishiri ya taru a sama, alamar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa yana hawowa yana bushewa, ko ruwan da ake bayarwa bai isa ya wanke ƙasar ba. Idan ta tsaye ce ta fi, an kora gishirin ƙasa, ko kuma akwai yumɓu ko danshi a can ciki. Kafin a haƙa ko rami ɗaya an riga an sami abin zargi.

Akwai lamba ta biyu da mutane da yawa ke watsarwa, wadda ke amsa wa ƙarfe da ma'adanai masu maganaɗisu. Kada a kashe ta. Ita ce ke tona asirin bututun ƙarfe da aka binne ko guntun garma da ya karye ya nutse, domin tana yin tsalle a wurin, sai a san lambar ECa ta wannan wuri ta shara ce.

Me ya sa lambar ba gishiri ba ce

Lantarki yana bin ruwan da ke cikin ramukan ƙasa, yana bin fuskar ƙwayoyin yumɓu, yana kuma bin inda ƙwayoyin suka haɗu da juna. Don haka abubuwa huɗu ne ke motsa ECa: gishirin da ya narke, yawan danshi, yawan yumɓu da irinsa, da zafin ƙasa. Yumɓu mai jiƙe wanda ba shi da gishiri yana iya ba da lambar da ta fi ta rairayi mai gishiri da ya bushe. Wanda ya ɗauki taswirar ECa ya shafa wa wurare masu babbar lamba jan launi ya rubuta "gishiri", sau da yawa taswirar yumɓu ya zana bai sani ba. A ƙasar da gishiri ya yi yawa sosai shi ne ke danne sauran, lambar ta bi shi. A ƙasar da yake ɗan kaɗan, wato daidai inda aka fi buƙatar a gano shi da wuri, yumɓu da danshi ne ke jan ragama.

Sannan lissafin da na'urar ke yi ya ginu ne a kan cewa ƙasar ba ta cika ɗaukar lantarki ba. Daga wajen mS/m 100 zuwa sama, lambar tana fara yin ƙasa da gaskiya, kuma giɓin yana faɗaɗa yayin da gishiri ke ƙaruwa. Allonta zai nuna har 1,000, amma a can sama ba a ɗaukar lambar yadda take.

Abin da amfanin gona ke ji, kuma abin da teburan jure gishiri suka dogara a kai, shi ne ECe, wato lambar ruwan da aka tatso daga ƙasar da aka kwaɓa ta ƙoshi da ruwa. Littafin ɗakin binciken gishiri na Amurka na 1954 ne ya sa dS/m 4 a matsayin iyakar ƙasa mai gishiri, kuma har yau ana bin wannan rabo: ƙasa da 2 babu matsala, 2 zuwa 4 kaɗan, 4 zuwa 8 matsakaici, 8 zuwa 16 mai yawa, sama da 16 kuwa sai tsirran da suka saba. Amma shuka ba ta karanta littafi. A teburin jure gishiri da masu bincike Maas da Hoffman suka fitar a 1977, masara tana fara asara daga 1.7, kuma kowane ƙarin dS/m ɗaya yana cin kashi 12 cikin ɗari. Albasa daga 1.2, da kashi 16. Shinkafa daga 3, alkama daga 6, auduga daga 7.7, sha'ir daga 8. Ke nan a dS/m 4 masara ta riga ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, albasa ta kusan rasa rabi, sha'ir ko a jikinsa. Kuskuren dS/m ɗaya a taswira na iya zama ba komai ga mai auduga, ya zama babbar magana ga mai albasa.

Saiti, da rigimarta da rana

Nan ne babban rauninta. Na'urar tana buƙatar a saita sifilinta da hannu, kuma saitin yana zamewa. A kunna ta a bar ta ta ɗauki zafin wurin aikin, aƙalla kwata na awa, a inuwa. Wanda ya fito da ita daga mota mai sanyi ya saita nan take, cikin rabin awa saitin ya tashi daga aiki. Mai saitin ya cire agogo, makullai, wayar hannu, bel mai kan ƙarfe da takalmi mai hancin ƙarfe, ya yi nisa da mota da shingen waya.

Ana ɗaga sandar sama da ƙasa mita 1.5, gara a kan abin ɗorawa na katako ko roba da a riƙe da hannu. A wannan tsayi, lambar tsaye dole ta ninka ta kwance. Idan a kwance ta nuna 10, aka juya ta tsaye ta nuna 16, bambancin 6 ne. Sai a mayar da ita kwance a murɗa maɓallin saiti har ta nuna 6, a sake juyawa, ya kamata ta nuna 12. Kowane mai karɓa da nasa saitin, don haka aikin sau biyu ne. Ba wuya gare shi ba, amma mutum biyu ba su cika saita ta daidai da juna ba, kuma a aikin yanki inda ƙungiyoyi da yawa ke fita da na'urori daban-daban, wannan ɗan bambanci yana fitowa a taswira kamar ɗinki a tsakiyar riga.

Kamfanin ya sa mata abin rage tasirin zafi, kuma ta fi tsohuwar natsuwa. Duk da haka an daɗe da sanin cewa idan jikin na'urar wannan gida ya haura digiri 40, lambar tana kaucewa, kuma rana mai ƙarfi tana kai akwati wannan zafi ko da iskar wurin ba ta kai ba. Maganin ba shi da tsada: a yi mata rumfa da farin abu marar ƙarfe wanda iska ke ratsawa. Sannan a ware layi ɗaya na mita hamsin ko ɗari a gefen gona, a bi shi da safe, a sake bi kowace awa ɗaya ko biyu, a kuma bi shi kafin a tashi. Ƙasar layin ba ta canza ba, don haka duk abin da ya canza na'ura ce, kuma da shi ake gyara alƙaluman ranar. A ƙasa mai mS/m 300, zamewar uku ko huɗu ba ta da nauyi. A ƙasa mai 15 ta isa ta ƙirƙiro tsari a taswira wanda babu shi a gona, inda za a ga layukan safe da launi ɗaya, na azahar da wani.

Zafin ƙasa kuma daban yake da zafin na'ura. Lantarki yana ƙara ratsa ƙasa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri, shi ya sa ake mayar da kowace lamba zuwa digiri 25. Lamba 60 da aka samu a ƙasa mai digiri 15 tana daidai da kusan 75. A soka ma'aunin zafi a zurfi biyu ko uku a rubuta. Idan aikin zai ɗauki watanni, rashin yin wannan ya isa ya sa gonakin da aka auna da sanyi su fito kamar sun fi na lokacin zafi lafiya.

Batirinta na ciki ƙarami ne mai bolt 9, sa'o'i kaɗan yake yi. Don aikin yini a nemi batirin waje, a ajiye shi nesa da naɗin wayar.

A cikin gona

Lokacin fita ya fi komai. Ana so ƙasa ta kasance kusa da iyakar ruwan da take iya riƙewa bayan ta tsane, wato kwana biyu zuwa huɗu bayan ban ruwa ko ruwan sama mai kyau, gwargwadon nauyin ƙasar. Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce danshi kada ya gaza kashi 70 cikin ɗari na wannan iyaka. A busasshiyar ƙasa hanyoyin ruwan sun yanke, gishirin yana nan amma lantarki ba shi da inda zai bi, sai na'urar ta wanke gonar da ke da laifi.

Ga ƙaramar gona ana iya ɗaukarta a hannu. Ga babba ana sa ta a cikin wani abu mai kama da ƙaramin kwalekwale na roba ko katako, babu ƙusa babu noti na ƙarfe, a ja shi da igiya a bayan babur mai ƙafa huɗu, da tazarar 'yan mitoci domin inji da ƙarfen babur kada su shiga lambar. Tana aika alƙaluma ta waya ko ta Bluetooth zuwa ƙaramar kwamfutar hannu da ke haɗe da GPS. Abu biyu ke lalacewa a nan. Idan eriyar GPS tana kan babur, na'urar kuma tana mita uku a baya, dole a cire wannan tazara a lissafi. Akwai kuma ɗan jinkiri tsakanin karatu da rubuta wuri. In ba a gyara su ba, iyakar wuri mai gishiri za ta fito kamar haƙoran zarto, domin layin tafiya ya tura ta gaba, na dawowa ya tura ta baya.

Tsayinta daga ƙasa ma ba abin wasa ba ne. Ɗaga ta santimita 10 kawai yana rage lambar tsaye ta mita ɗaya da kusan kashi 2 cikin ɗari, amma ta kwance da kusan kashi 18. Ga mai karɓa na rabin mita a kwance, ragin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka a gonar da aka yi wa huɗa mai manyan hoge, inda kwalekwalen ke tsalle, lambar kwance tana cika da hayaniya. A rubuta kaurin gindin kwalekwalen, kada a canza shi a tsakiyar aiki.

A gonar da ake ba ruwa ta kwari, gishiri yana taruwa a kan kunya, kwarin kuma a wanke yake. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, kuma inda aka bi da na'ura nan za a haƙa. A gonar ban ruwa na ɗigo abin ya fi rikitarwa, domin gishiri yana yin zobe a bakin inda ruwa ya jiƙa, sai ya zama taku ɗaya daga bututu yana canza lambar.

Daga ECa zuwa gishiri

Wannan mataki shi ne rabin kuɗin aikin, kuma shi ne wanda ake yawan mantawa a kasafi. Ɗakin binciken gishiri na Amurka da ke Riverside a Kalifoniya ya fitar da manhajar ESAP kyauta saboda wannan. Ana zuba mata alƙaluman ECa, ta zaɓo wurare 6, 12 ko 20 waɗanda suka game ƙananan lambobi da manya, kuma suka warwatsu a faɗin gonar. Tsohuwar manhaja ce, fuskarta ta nuna shekarunta, amma dabarar zaɓen tana nan da ƙarfinta. Shida sun yi kaɗan sai ga gona ƙarama mai ƙasa iri ɗaya. Sha biyu ne abin da hankali zai kwanta da shi.

A koma wuraren nan cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin danshi ya canza. A sake aza na'urar a daidai wurin a karanta, sannan a haƙa a ƙarƙashinta: 0 zuwa 30, 30 zuwa 60, 60 zuwa 90, 90 zuwa 120 na santimita. Wurare 12 sau zurfi huɗu, samfur 48 ke nan daga gona ɗaya. A ɗebi wani kaso a rufe a gwangwani ko leda mai kauri domin auna danshi. Sauran a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Ana ɗaukar giram 200 zuwa 400, ana zuba tataccen ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa har kwaɓin ya yi sheƙi, ya ɗan gangara idan an karkata kofin, ya sulluɓe daga cokali, ba tare da ruwa ya kwanta a sama ba. A rufe a bar shi aƙalla awa huɗu, gara ya kwana, sannan a tsotse ruwan ta takardar tacewa da famfon zuƙe iska. Ma'aunin da za a tsoma a ruwan a fara gwada shi da ruwan gwaji na KCl, wato gishirin fotasiyam, wanda ke ba da dS/m 1.413 a digiri 25.

Da yake kwaɓin yana cin lokaci, ɗakunan gwaji da yawa suna komawa ga haɗa ƙasa kashi ɗaya da ruwa kashi biyar. Yana da sauri, amma lambar da za a ninka da ita don a sami ECe tana tashi daga wajen 6 a yumɓu mai nauyi zuwa sama da 20 a rairayi. Wanda ya yi amfani da lamba ɗaya ga yanki gaba ɗaya ya yi kitso da ƙwarƙwata. Idan kuma ƙasar tana da jifsam, wato farin ma'adinin da ake yin filasta da shi, ƙarin ruwa yana narkar da shi, har ECe kanta takan nuna kusan dS/m 2 fiye da abin da saiwa ke ji.

Daga nan sai a ɗaura ECe da ECa da layin lissafi, yawanci bayan an mayar da su logaridam, a duba ko sun bi juna. In ba su bi ba, kada a tilasta. A duba danshi da yumɓu na samfuran, galibi za a tarar ɗayansu ne na'urar ke bi. Kuma a tuna ba ta bambance gishiri da kanwa. Ƙasar da sodiyam ya kama, mai SAR, wato ma'aunin rinjayen sodiyam, sama da 13, wadda ke toshewa ta hana ruwa shiga, sai ɗakin gwaji ne zai faɗa, kuma maganinta daban ne: ita jifsam take so kafin wanki, mai gishiri zalla kuwa ruwa da magudana.

Idan yanki ya yi faɗi

A yi lissafi. Hekta 20,000, layuka a tazarar mita 20, tafiyar mita 500 ke nan a kowace hekta, jimla kilomita 10,000. A gudun kilomita 8 a awa, sa'o'i 1,250 ne ban da juyawa da saiti, fiye da kwana 200 idan ana yin awa shida a yini. Kuma kowace gona tana da 'yan kwanakinta na danshi da ba sa jiran kowa. Na'ura ɗaya ba za ta game yanki ba, goma ma da ƙyar.

Hanya ta farko ta rage nauyin ita ce wadda masu bincike Corwin da Lesch suka nuna: idan an auna a danshin da ya dace, gangaren layin da ke ɗaure ECa da ECe yakan zama kusan ɗaya daga gona zuwa gona, mafarin layin ne ke canzawa saboda irin ƙasa. Sai a haɗa samfuran dukan gonaki a fitar da gangare ɗaya, kowace gona kuma a haƙa ramuka kaɗan don a sami nata mafarin. Wannan yana rage aikin ɗakin gwaji sosai, amma bai rage tafiyar babur ba.

Hanya ta biyu ita ce tauraron ɗan'adam, kuma a nan ne na'urar ta fi biyan kuɗinta. Hoton ƙasa tsirara ba abin dogaro ba ne. Fatar ƙasa kawai yake gani, farin ɓawon yana ɓacewa da ruwan sama ɗaya ko huɗa ɗaya, farar ƙasa da farin rairayi kuma suna kama da shi. Abin da ya fi aiki shi ne a kalli lafiyar shuka shekaru da yawa a jere. Ƙwari, fari da ƙarancin taki suna zuwa su wuce, wurin da gishiri ya kama kuwa kowace shekara shi ne baya. Lobell da abokan aikinsa sun gwada haka a 2010 da hotunan MODIS, na'urar ɗaukar hoto da ke kan tauraro, na shekara bakwai a kwarin Red River da ke arewacin Amurka. Scudiero, Skaggs da Corwin sun yi da hotunan tauraron Landsat 7 a yammacin kwarin San Joaquin na Kalifoniya, inda suka auna gonaki 22 a ƙasa suka koya wa lissafin da su.

Matsalar ita ce ɗigo ɗaya na hoton Landsat, wato mafi ƙanƙantar yankin ƙasa da hoton ke iya warewa, mita 30 ne sau 30, murabba'in mita 900, na MODIS mita 250, na tauraron Sentinel-2 mita 10. Ramin samfur kuwa bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma gishiri yana iya ninkawa cikin taku biyar. Gwada rami ɗaya da ɗigo ɗaya zalunci ne ga duka biyun. Taswirar EM38-MK2 da aka riga aka ɗaura da samfur tana ba da lambobi da yawa a cikin kowane ɗigo, a ɗauki matsakaicinsu, sai a sami abin da ya yi daidai da girman abin da tauraron ke gani. Gona ashirin ko talatin da aka zaɓa da kyau, waɗanda suka game irin ƙasa, irin shuka da irin ban ruwa na yankin, suna haifar da dubban ɗigo na koyarwa. Wajen gwada ingancin lissafin, a cire gona sukutum a gani ko zai iya hasashenta. Cire ɗigo ɗaiɗai daga gonar da aka koyar da ita yaudarar kai ce, domin maƙwabtansa sun riga sun ba da amsa. Ko an yi komai daidai, irin wannan taswira ta fi iya raba yanki zuwa aji-aji fiye da faɗin lambar gona ɗaya, kuma ta fi rauni a ƙasa da dS/m 4, inda shuka mai juriya ba ta nuna komai.

Kishiyoyinta

Veris 3100 ta Amurka tana da fayafayan ƙarfe shida da ke yanka ƙasa suna aika lantarki kai tsaye, tana ba da zurfin santimita 30 da 90. Ba ta buƙatar saitin kullum, ƙarfe a kusa bai dame ta ba. Amma dole fayafayan su shiga ƙasa mai danshi, tana da nauyi sai mota ko tarakta, kuma ba ta shiga gonar da shuka ta tashi ko mai duwatsu. DUALEM, ita ma ta Kanada, daga masana'anta ake saita ta, kuma samfurinta mai lamba 421 yana ba da zurfi shida a tafiya ɗaya, har zuwa wajen mita 6, abin da ke da amfani idan ana son ganin ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai dai tsawonta ya haura mita huɗu. CMD Mini-Explorer ta kamfanin GF Instruments na ƙasar Cek tana da masu karɓa uku a ɗan gajeren jiki. A gidan Geonics kansa akwai EM31 mai tazarar mita 3.66 don zurfin kusan mita 6, wadda ta yi wa saiwar yawancin amfanin gona zurfi.

Inda EM38-MK2 ta fi su shi ne zurfinta ya yi daidai da inda saiwa take, mutum ɗaya yana ɗaukarta ya shiga tsakanin layukan shuka, kuma shekaru arba'in na rubuce-rubuce a kan danginta sun sa kusan duk matsalar da za a ci karo da ita wani ya riga ya bayyana dalilinta. Inda ta gaza shi ne saitin hannu da zamewa da zafi. Ga aikin da ƙungiyoyi da yawa za su yi watanni suna yi a wuri mai zafi, wannan ya isa a tsaya a gwada ta da DUALEM kafin a yanke shawara.

Ta dace da hukumar ban ruwa, jami'a ko kamfanin ba da shawara da ke da ɗakin gwaji mai iya kwaɓin ECe, da mutum ɗaya aƙalla wanda ya san lissafin ɗaura lambobi. Mai gona ɗaya ba ya buƙatar mallakarta, ya ɗauki hayar masu ita sau ɗaya a shekara uku ko huɗu, tsakani kuma ya riƙa ɗibar samfur a wuraren da taswirar ta nuna. Wanda zai ɗauki hayar kuma ya nemi a ba shi abu huɗu tare da taswirar: ranar ban ruwa na ƙarshe kafin awo, alƙaluman layin da aka maimaita, sakamakon kowane samfur da zurfinsa, da zanen da ke nuna yadda ECe ta bi ECa a gonarsa.